Ludayin Mai Barci

Ina turo ƙofa da azahar na tarar da Mama a tsakar gida tana juye bokitin ruwa a kanta, da riga da zani da ɗankwali duka. An ɗauke kuran, wato lantarki, tun safe, fanka ta tsaya, unguwarmu Rumde Ajiya gaba ɗaya kamar an kifa mata murfin tukunya. Kun san zafin Garwa in bazara ta kama, ko kujerar moto, wato babur, ba ta zaunuwa. Amma na Mama daban ne. Nata daga ciki yake tasowa, daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, ko da asuba ne.

Na ce, "Mama, ai sajfam, ungozomar asibiti, ta faɗa miki a lopital. Menopoz ce, al'ada ce ta ɗauke. Kowace mace sai ta zo wurin. Ki sha maganinki kawai."

Ta tsaya tana kallona, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Ta ajiye bokitin. Ta shige ɗaki ta saki labule, can na jiyo ta tana kuka ƙasa-ƙasa.

Dada, kakata, uwar Mama, tana kan tabarma a gindin dalbejiya. Idonta ya tafi amma kunnenta ya fi nawa.

Ta ce, "Bakinki irin na Dudu."

"Wace Dudu kuma?"

"Ajiye wayar nan ki zo ki yi min fifita."

"Ke da ba ki gani, ya aka yi kika san waya ce a hannuna?"

"Yaushe ta taɓa barin hannun naki, marar kunya?"

Na ɗauki mafici na zauna. Abin da ta ba ni shi ne zan rubuta muku, yadda na ji shi.

Dudu kakar Dada ce, uwar ubanta, Bafulatana. A gidan da Dada ta tashi akwai wata tsohuwar kuma, Goggo Mairo. Su biyun facaloli ne, wa da ƙani suka aura. Dada ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin ɗayarsu ta gaida ɗaya ba, ga su gida ɗaya, rijiya ɗaya. Sai da ta girma ta ji dalili, rabi daga bakin wannan, rabi daga bakin waccan.

Zamanin Jamus ne. Barikinsu na kan tudu, gidan na ƙasa, a unguwar fataken da iyayensu suka zo daga Kano da jakuna suka zauna. Audu ne babba, mijin Mairo. Sale ƙaninsa, mijin Dudu. Dudu na da yara biyu, namiji wanda shi ne ya haifi Dada daga baya, da wata 'yar ƙarama, Yelwa, da ba a daɗe da yaye ta ba. Mairo kuwa ta haihu sau da yawa, babu wanda ya kai yaye. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, kowa ya fid da rai har da ita.

Farkon wata bazara Jamus suka tare Audu a kasuwa, shi da jakunansa, wai a kai musu kaya kudu. Ko gida bai dawo ya yi sallama ba. Bayan tafiyarsa wata ya zo, Mairo ba ta ga jini ba. Wani watan ya zo, shiru. Dama a 'yan shekarun nan yakan yi mata wasa, ya zo ya ƙi zuwa, amma bai taɓa daɗewa haka ba. Ƙirjinta ya yi nauyi. Da safe zuciyarta na tashi. Ba ta faɗa wa kowa ba, tana jiran ya dawo ta faɗa mishi da bakinta.

Hularsa ce ta dawo. Wani ɗan dako da suka tafi tare ya kawo ta, ya ce ciwon ciki ya kama Audu a hanya, an binne shi a gefen wani rafi, jakunan kuma sun wuce da kayan.

Ranar da Mairo ta shiga takaba ta kira Sale ta bayan zana ta ce, "Wanka Audu ya bar min ajiya."

Sale ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Ya ce, "Yaya, in dai ina numfashi, jinin Audu ba zai ji yunwa ba." Ya juya wurin matarsa ya ce daga yau duk abin da aka dafa, a ƙara wa Yaya ludayi ɗaya, na yaron ne.

Lokacin ludayi ɗaya ba komai ba ne. Rumbu da sauran dawa.

Sai damina ta ƙi. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso har ana jin ƙamshin ƙasa, mata su fito da ƙore da tukwane su jera, sai ya watse. Aka samu ruwa ɗaya mai kyau, gari duka ya fita shuka. Dawa ta fito kamar tsawon yatsa, rana ta ƙone ta. Aka sake shuka da irin da ya rage, ita ma haka. Kogin Binuwai da ya saba cika har ya shafe gaɓa ya kwanta a tsakiyar yashi, yara na tsallake shi da ƙafa. Jirgin da ke kawo gishiri in ruwa ya cika bai zo ba. Su kuma mutanen bariki ba ruwansu da sama ta ba da ruwa ko ba ta bayar ba, dawar sojojinsu sai an auna musu.

Na ce wa Dada, "To ba a sayo daga wani gari?"

Ta yi dariya ba daɗi. "A wace mota? Wani garin ma haka yake. Ke da in shinkafa ta ƙare sai ki hau moto ki je butik ki sayo."

Azumi ya faɗo a tsakiyar wannan daminar. Sale ya hana Mairo yi, ya ce mai ciki ce. Ta ce za ta iya, ya ce ba don ita ba ne. Sai ya zama gida duka na azumi da cikin da dama babu komai, ita kuma da rana tsaka tana bayan ɗaki tana shan kunu, tana kuka. Ta faɗa wa Dada cewa lokacin kuka ba ya neman dalili. Tana cikin tsintar tsakuwa a dawa sai ta ga hawaye na ɗiga a faifai. Wani lokacin kuma faɗa ne. Ta taɓa jifan akuya da taɓarya don kawai ta kalle ta. Ta sa kanwa a miya ta manta ta sake sawa. Gwiwoyinta na ciwo kamar an zuba yashi a ciki. Barci ya ƙaurace mata.

Ga kuma wutar. Tana zaune lafiya sai ta ji ta taso daga ƙirji, fuska ta ɗauki zafi, gumi ya karyo har zani ya manne mata a baya, zuciya na dukan uku-uku. Sai ta rarrafa ɗakin randa ta kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta manna kumatunta a jikin randar. In ta wuce sai sanyi ya kama ta har haƙora na haɗuwa. Matan unguwa suka ce namiji ne, maza ne ke da zafin jini haka tun a ciki. Bugun zuciyar ma ta ce nasa ne take ji. Cikinta kuma ya ɗan taso, amma a shekarar cikin kowa ya taso, don tafasa da dusa ake ci.

Dudu na kallo. Ta ga irin wannan wutar a jikin uwarta a ruga, lokacin tana budurwa, ta ga yadda uwar ke tuɓe mayafi da sanyin safiya tana fifita da faifan nono. Ta san bayan wutar nan ba haihuwa ke zuwa ba. Amma wa za ta faɗa wa? Mijin da ya rasa wansa? Ko matar da ke ɗinka ɗan zanin goyo da tsohuwar rigar mamaci?

Kaka ta zo, abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Muskuwari, dawar ranin da ake dasawa inda ruwan kogi ya kwanta ya janye, ita ke ceton Garwa kullum, to bana ruwan bai kwanta ko'ina ba, ƙasar ta tsage har ƙafar yaro na faɗawa. Watannin haihuwa suka cika suka wuce. Mairo ko ciwon baya ba ta ji ba.

Aka kira ungozoma, wata tsohuwa da ta yanke cibiyar rabin unguwar. Ta shafa cikin, ta danna, ta daɗe tana dannawa. Dudu na riƙe da ƙwaryar ruwa tana kallon fuskarta. Tsohuwar ta ɗago ta kalli Mairo, ta kalli zanin goyon da ke ninke a kan gado, sannan ta ce, "Ya kwanta."

Ku 'yan yanzu ƙila ba ku san kwantaccen ciki ba. Ni ma sai ranar na ji shi sosai. Wai yaro in ya firgita, ko ya ji wahala a waje, sai ya yi barci a cikin uwarsa, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sai ranar da Allah ya tashe shi. Ungozoma ta ce mutuwar ubansa ce ta firgita shi, ga yunwa. Ta ce a ci gaba da ba shi abinci, in ya ji ƙarfi zai motsa. Malamin unguwa ya ce haka ne, akwai shi a littafi, kuma takaba ba ta fita sai ta sauke. Daga ranar aka sa mishi suna Mai Barci.

Na ce, "Dada, yanzu da ekografi, hoton ciki, minti biyar an gama magana."

Ta ce, "An gama. Uwarki ba an gama mata maganar ba? Ga ta can tana me?"

Na ci gaba da fifita.

Bazara ta biyu ita ce ba a son tunawa. Dada ta ce Goggo Mairo in ta zo nan a labarin sai ta rage murya. Da asuba mata su tafi kogi da tulu, su tona yashi har gwiwar hannu, su jira ruwa ya tsattsafo. Kafin rana ta yi tsiri a wuce fadama tonon bado, in an samu. Maza su shiga daji neman goruba da aduwa. Da rana babu mai motsi, kowa na kwance a inuwar zana, ƙuda ma sun gaji. La'asar a daka ɓawon goruba a haɗa da ɗan tsakin dawa, tafin hannu ɗaya na gida duka, a dama kunu tsararo wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Sau ɗaya a yini. Babu gishiri, babu tsami, sai ɗacin hayaƙi.

Mai takaba ba ta rabon abinci, don haka ludayin na hannun Dudu. Ta zuba wa Sale. Ta zuba wa ɗanta. Ta zuba wa Yelwa. Ta zuba wa Mairo, ta zuba wa kanta. Sannan ta kankare gindin tukunya, inda ɗan kaurin yake, ta cika ludayi ta juye a ƙwaryar Mairo.

Kullum. Da hannunta.

Yelwa takan shanye nata ta lashe ƙwaryar, ta zo ta tsaya a gaban Mairo tana kallon bakinta. Ba ta roƙo, kallo kawai. Mairo ta juya mata baya ta fuskanci bango ta sha. Ta rantse wa Dada cewa ba ta taɓa jin ɗanɗanon ludayin nan ba, ji take kamar tana zuba shi a wani bakin da ke can ƙasa a buɗe.

Sau ɗaya Dudu ta gwada. Ta ce wa mijinta, "Malam, yarinyar nan gashinta ya fara ja. A raba ludayin biyu mana."

Ya ce, "Yelwa na da uwa da uba. Shi wa yake da shi?"

Ta ce, "In kuma babu..."

Ya kalle ta. Ba ta ƙarasa ba.

Ƙafafun Yelwa suka kumbura. Ta daina tafiya ta koma rarrafe, daga nan ta daina rarrafen. Zawo ya kama ta. Wata safiya ana shirin tafiya kogi aka ga ba ta tashi ba. Sale ya ɗauke ta a hannu ɗaya, a naɗe cikin tabarmar kaba, don ba ta da nauyin da za a ce mutum biyu.

Yaran da suka mutu a unguwar a bazarar nan suna da yawa, har da na gidajen da ba a ƙara wa kowa ludayi. Dada ta nanata min wannan. Ta ce babu mai iya cewa ludayin ne.

Da la'asar ɗin ranar Dudu ta dama kunu kamar kullum, don masu rai sai sun sha. Ta zuba wa Sale, ta zuba wa ɗanta. Hannunta ya tafi wurin ƙaramar ƙwaryar ya tsaya. Ta wuce ta zuba wa Mairo. Ta kankare gindin tukunyar, ludayin ya cika, ta riƙe shi a sama. Daidai lokacin wutar ta taso wa Mairo, gumi na bin wuyanta, ta kama gefen zani tana fifita, ta ce, "Kin gani, yau ma yana motsi."

Dudu ta ce, "Wala goɗɗo ton." Da Fulatanci ta fara, don in ranta ya ɓaci Hausa guduwa take. Sannan ta maimaita yadda kowa zai ji. "Babu kowa a nan, Adda Mairo. Babu. Girma ne ya zo miki. Jinin ne ya tafi, ba zai dawo ba. Haka uwata ta yi, da wutar da kukan da komai. Ungozoma ma ta sani, tausayinki ta ji."

Sale ya ɗaga hannu zai mare ta, hannun ya tsaya, ya fita zaure.

Mairo ba ta yi kuka ba, ita da ke kuka don akuya ta kalle ta. Ta sa tafin hannu ta rufe bakin ƙwaryarta. Dudu ta tsaya da ludayin, babu inda za ta zuba shi. Ƙarshe ɗanta ta ba.

Daga ranar Mairo ba ta sake karɓar ƙarin ba. Sale ya roƙe ta, ya durƙusa mata, ta ce a ba yaron da ake gani. Amma ba ta fita takaba ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Takan zauna da hannu a kan mara, shiru, kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Ruwa ya sauko a ƙarshe, mai yawa, har katangar bayan gida ta zube. Aka samo iri daga wurin dangin Dudu aka fita shuka, kowa da kowa, har mai takaba, don babu hannun da za a bari a gida. Sale na gaba yana sara da sungumi, matan na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasa na tururi, ƙafa na nutsewa. Suna tsakiyar gona Mairo ta tsaya ta riƙe mara. Dudu na bayanta, ita ta fara gani. Jini ne ke bin ƙafarta har idon sawu, mai yawa, da gudaji, yana haɗuwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Mairo ta duba ƙasa ta ce, "Ya tafi."

Ta juyo ta kalli Dudu. "Yunwa ta kashe min shi."

Sajfam ta faɗa wa Mama cewa haka abin yake yi wa wasu, ya ɗauke ya daɗe, sannan ya dawo sau ɗaya da ƙarfi kafin ya tafi gaba ɗaya. Na faɗa wa Dada haka. Ta ce ita ma ta sani, ita ma ta wuce ta nan. Ta ce amma je ki faɗa wa matar da ke tsaye a gona.

Ungozoma ta zo ta duba tsumman, ta daɗe, ba ta ce ɓari ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Mairo ta naɗe su a cikin zanin goyon, ta tona rami a bayan ɗakinta ta binne. Ta yi wanka ta fita takaba. Ba ta sake ganin jini ba har ta mutu, ba ta sake aure ba, ba ta kuma sake yi wa Dudu magana ba. Jamus suka tafi, wasu Turawan suka zo, aka yi shekarun ƙoshi har dawa na ruɓewa a rumbu. Wutar ma ta yi 'yan shekaru ta mutu don kanta. Mairo na nan tana lissafa mishi girma. In ta ga samari sun wuce ta ce da yanzu Mai Barci ya kai haka. In an yi ɗaurin aure ta ce da sa'ansa ne. Ba ta yarda kowa ya zubar da ruwan wanki a bayan ɗakin nan ba.

Dudu ce ta riga ta kwanta ciwon ajali. Dada lokacin ta yi aure har ta haihu, ta zo jinya. Ta ce wata rana tana shafa mata man shanu a ƙafa, sai ta tambaye ta, "Kaka, tsakaninki da Allah, akwai yaron ko babu?"

Dudu ta ce, "Na san babu. Tun ranar farko na sani. Amma da na ga jinin nan a gona sai na daina sani."

Ta rufe ido har Dada ta ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Da na faɗa da wuri, ƙila tawa ta rayu. Da na yi shiru, ita da nata suna nan tare, ko da babu shi. Sai na zaɓi ranar da ba ta amfani kowa ba."

Aka aika wa Mairo cewa facalarta na jin jiki, ɗaki biyu ne tsakaninsu. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ba ta je ba.

Nan Dada ta tsaya, ta ce hannuna ya mutu ne ko fifitar ce ta ƙare. Tun ranar abin ya ƙi barina. Ku da kuka karanta har nan, da ludayin nan a hannunku yake, a wace rana za ku faɗa mata?